Godiya Kan Kuɗin da Ban Gani Ba

Na fi shekara ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in sa ta a takarda. Sau uku ina farawa ina yagewa. Makarantata ba ta wuce firamare ba, kuma ina jin kunyar rubutuna, amma ba wannan ne ya fi riƙe mini hannu ba. Gidan da zan yi magana a kansa na ci abincinsa shekara huɗu, mu kuwa tun muna yara an hore mu kada mutum ya shure ƙwaryar da ya sha fura a ciki. Na ji tsoron kada abin ya zama yi da mutane. Na ji tsoron ko haushin rasa aiki ne yake magana, ba ni ba. Matata ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma abin bai bar ni ba. Saboda haka zan faɗa, ba sunan mutum, ba sunan gida, kuma inda ban sani ba zan ce ban sani ba.

Cirani ya kawo ni Abuja, ciranin ya zama zama. Shekara shida na yi ina dako a kasuwar kayan marmari ta Zuba. Aiki ne mai karya ƙugu, amma abu ɗaya nake yaba masa. Kafin ka ɗora buhun lemo a ka, an gama magana. Nawa za ka kai mini bakin titi? Kaza. A'a, kaza dai. In kun shirya ka ɗauka, ka sauke, a miƙo maka. Ko mai kayan ba ya ƙaunar ganin fuskarka sai ya biya, kai kuma ba sai ka yi masa murmushi ba. Da bayana ya fara ciwo har a asibiti aka ce in bar ɗaukar nauyi, sai wani ɗan garinmu mai aikin gadi ya yi mini hanya a wani gidan abinci a cikin gari. Irin gidan nan ne da manyan ma'aikatan gwamnati ke cikawa da rana, masu son tuwon shinkafa da miyar taushe da farfesun kan rago, amma a cikin sanyin esi.

Manajan gidan Bahaushe ne ɗan'uwanmu, dogo, mai yawan turare. Ranar da ya ɗauke ni ya faɗi albashi, na fara tunanin kuɗin motar Dei-Dei, don a can ɗakina yake. Zuwa da dawowa kaɗai zai cinye fiye da rabi.

Na ce, "Oga, kuɗin mota fa?"

Ya yi dariya. "Malam, wa ya ce maka albashi ake ci a nan? Albashi na sabulu ne. Nan daraktoci ke cin abinci. In kana da fara'a, abin da za ka samu a hannunsu a sati ya fi wannan. In gaskiya za a bi, kai ya kamata ka biya mu da muka ba ka wurin tsayawa."

Na ɗauka wasa yake yi, ni ma na yi dariya.

Aikina zuba ruwan wanke hannu ne. Ina yawo da butar ƙarfe mai ruwan ɗumi, da tasa, da ɗan tawul a kafaɗa. In baƙo ya zauna in zo in zuba masa, in ya gama ci in sake zuwa. Tsakanin nan in kwashe kwanuka in goge tebur. Zuwa na biyun nan shi ne kasuwar. Da zarar hannun baƙo ya bushe, ko dai ya shiga aljihu ko ya ɗauki makullin mota, kuma duk ma'aikatan gidan, har masu wanke-wanke da ke leƙe ta tagar kicin, ido yana kan wannan hannu.

Wadda ta koya mini aikin wata mata ce Bagwariya daga wani ƙauye bayan Bwari. Ta girme mu duka, muna ce mata Mama, ita ke kai abinci tebur. Mace ce mai kirki da kaifin baki. A satina na farko ta ja ni gefe.

"Malam, kai ka cika sauri. Kana zuba ruwa kamar ana korarka. Ka bar tawul ya daɗe a hannun mutum. In ya ba ka, kada ka tafi, ka tsaya ka naɗe shi a nan gabansa. Sannu-sannu, kamar kana naɗe rigar amarya."

"Mama, ai wannan roƙo ne."

"Ka buɗe baki? To ina roƙo? Waccan Hajiya mai baƙin gilashi, ita ba ta bayarwa, kada ka ɓata tawul. Wancan mai tumbi kuwa, in ya zo da mace sai ya bayar, in ya zo shi kaɗai ko kallonka ba zai yi ba."

Duk abin da ta faɗa haka na same shi. Akwai mai dunƙule ɗari biyar ya sa maka a tafi yadda ko na kusa da shi ba zai gani ba, Allah ya yi wa irinsu albarka. Akwai mai barin canji a ƙarƙashin faranti, ya jiƙe da miya, ka wanke ka shanya a bayan firij. Akwai wanda zai ɗaga kuɗin sama yana hira da abokinsa, kai kana tsaye da tasar ruwan dauɗa a hannu, sai ya gama labarinsa tukun ya sake maka. Wani ya taɓa jefa mini dubu a cikin tasar, a cikin ruwan da ya wanke hannunsa har ya kurkure baki, na kuwa sa hannu na ɗauka, na ce na gode. Da yamma a mota na riƙa jin takardar a aljihuna kamar tana wari. Na sayi garin kwaki da ita, muka ci.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne yadda gaisuwa ta lalace a gidan nan. "Barka da Juma'a, Oga." Tun ranar Alhamis ake fara ta. "Yallaɓai, yaranka suna gaisuwa." Mai faɗin haka kuwa da furfura a gemunsa, wataƙila ya haifi wanda yake ce wa Yallaɓai. Baƙi sun san abin da gaisuwar ke nufi, wasu da sun ji sai su ce, "Yau ban fito da komai ba." Ka gaida Musulmi ɗan'uwanka ya amsa maka da ba shi da canji. Ni dai na daina yi wa kowa barka da Juma'a a wurin aiki. Har a unguwa, in zan gaida maƙwabcina mai shago, sai in ji bakina ya yi nauyi, kada ya zaci wani abu nake nema.

Kada a ɗauka na fi sauran. Ban yi wata uku ba na fara kallon takalmin mutane. Kafin baƙo ya zauna na riga na auna shi, takalmi, agogo, irin makullin da ya ajiye a tebur. Wata rana wani tsoho ya shigo da riga koɗaɗɗiya, da alama daga ƙauye ya zo ganin ɗansa. Ruwan butata ya huce. Na zuba masa haka nan, sannan na koma kicin na ɗebo mai ɗumi na kai wa wani mai babban agogo a tebur na gaba. Ban ma san na yi ba sai da na tsaya sallar La'asar, abin ya faɗo mini a raka'a ta biyu. Tsohon nan sa'an mahaifina ne, har da "sannu ɗana" ya ce mini. Na sake sallar, don ban san me na karanta ba.

Na je wurin limamin masallacin unguwarmu na tambaye shi hukuncin kuɗin da muke karɓa. Ya ce abin da aka ba ka ba tare da ka roƙa ba halal ne, ka ci. Na ce to tsayuwa fa, da naɗe tawul? Baki bai roƙa ba, amma ƙafa ta roƙa. Ya dube ni ya ce ina da waswasi, in rage. Na san ina da shi. Ni ne mai komawa ya duba kwaɗon ƙofa sau uku. Amma ko mai waswasi wani lokaci abin da yake gani yana nan.

Haka muka yi shekara uku. Maganar Oga ta zama gaskiya: ba albashi muke ci ba, hannun baƙi muke ci. Da shi nake shiga mota, da shi nake sayen maganin baya, da shi nake aika wa gida.

Sai lokacin nan ya zo da takardar kuɗi ta yi wuya a gari, kowa ya koma tiransifa. Baƙi suka riƙa shafa aljihu suna cewa babu. Masu kirki daga cikinsu sai su ce, "Kawo lambar akawun ɗinka." Mama har ta rubuta tata a bayan hannunta da biro. Kwana kaɗan aka yi haka, labari ya kai wa mai gidan, wadda muke ce wa Madam. Ba ta cika zuwa ba, ta bakin Oga muke jin ta. Ya tara mu da safe kafin a buɗe, ya ce Madam ta ce wannan zubar da mutuncin gida ne, ma'aikaci yana karanta wa darakta lamba kamar mai sayar da katin waya. Daga yau duk wanda aka gani da waya a wurin baƙi ya kori kansa. Amma kada mu damu, an yi mana gata.

Gatan shi ne wani ɗan kati mai ƙyalli da aka buga, aka tsayar da ɗaya a kan kowane tebur kusa da kwalbar tsinken sakace. An rubuta da Turanci cewa in ka ji daɗin hidimarmu ka yi wa ma'aikatanmu alheri, ga lambar akawun a ƙasa. Har da zanen hannu biyu a haɗe. Oga ya ce duk abin da ya shiga za a tara, ƙarshen wata a raba daidai, har masu wanke-wanke su samu. Gaskiya na yi murna. Na ce yau Allah ya raba ni da naɗe tawul. Na ce ga tsari irin na masu ilimi.

Ya ƙara da doka ɗaya. In baƙo ya ce ya tura, a rusuna a yi godiya sosai, don ya ji daɗin sake turawa.

Wata na farko an raba mana wani abu, bai kai abin da muke samu a sati biyu a da ba. Muka ce sabon abu ne, mutane ba su saba ba. Wata na biyu Oga ya ce an cire kuɗin farantan da suka fashe da na sababbin riguna da aka ɗinka mana, ragowar ko motar kwana uku ba ta kai ba. Wata na uku ya ce banki ya riƙe akawun ɗin, ana gyara. Daga nan ba a sake tayar da maganar ba, wanda ya tayar kuwa sai a tuna masa mutum nawa ke zuwa bakin ƙofa neman aiki kullum.

Takardar kuɗi ta dawo gari, amma katin bai tashi daga tebur ba, hannun baƙi kuma bai koma aljihu ba. Me zai sa ya koma? Sun ga hanya mai tsabta. Mutum zai gama ci, ya biya kuɗin abinci, ya ɗauki katin ya danna waya, ya ce, "Na tura muku naku." Ni kuma in rusuna da buta a hannu in ce, "Mun gode, Allah ya ƙara arziki." A yini sai in faɗi haka sau goma. Kuma goge katunan nan da tsayar da su kowace safiya yana cikin aikina. Na fara sauka a mota tun kafin a kai Dei-Dei in ƙarasa da ƙafa don in rage kuɗi, bayan nan nawa yana zafi.

A cikin baƙinmu akwai wani Alhaji, babba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Laraba da Juma'a ba ya fashi, teburinsa na jikin taga. Tun zuwana ya ji harshena ya gane mutumin yankinsu ne, ya riƙa kirana ɗan gida. Yana tambayata ruwan sama a ƙauye, yana tsokanata wai mutanen garinmu ba su iya tuwo ba. A da dubu yake ba ni a hannu, ba ya fashi. Da katin ya zo ya fi kowa yaba shi, ya ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ina ganin girmansa ƙwarai. In ya ce ya tura, na lura da bakina, ba na cewa na samu. Addu'a kawai nake yi masa, don addu'a ba ƙarya ba ce. Da wannan dabara na riƙa lallashin zuciyata.

Saura kwana goma Babbar Sallah, ina zuba masa ruwa, ya juyo mini da fuskar wayarsa.

"Ɗan gida, duba nan. Yau na tura abu mai ɗan kauri, kuma na rubuta a jiki na mai zuba ruwa ne. Naka ne kai kaɗai. A yi wa yara Sallah."

Abin da na gani a wayar ya kai albashina na wata. Na rusuna na yi masa addu'a. Da aka watse na sami Oga na gaya masa, da ladabi. Bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce akawun na kowa ne, ba a ware wa mutum ɗaya, in jira ƙarshen wata. Aka yi Sallah, yarana uku suka sa kayan bara. Wata ya ƙare, ba a ce da ni komai ba.

Laraba ta farko bayan hutu Alhaji ya dawo. "Ɗan gida, an yi Sallah lafiya? Saƙo dai ya isa?"

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yallaɓai. Allah ya jiƙan mahaifa."

Ya ce amin, ya ci gaba da cin abincinsa. Ni kuwa na koma kicin. Tambaya ya yi mini, na ba shi addu'a a wurin amsa, kuma na san abin da ya fahimta. Na gaya wa Mama.

Ta ce, "To me? Ya tambaya, ka yi addu'a, ya ce amin. An gama."

"In ya sake tambaya fa?"

"Ka ce ka sayi shinkafa. Shinkafa tana da baki da za ta ƙaryata ka? Malam, ni 'ya'ya biyar nake ciyarwa, kai uku. Ka riƙe bakinka kamar yadda kake riƙe butar nan."

Daga Laraba zuwa Juma'a ban yi tunanin komai ba sai wannan. In na ce na samu, na yi ƙarya ƙiri-ƙiri ga mutumin da ya yi mini alheri, kuma na ba shi dalilin sake turawa. In na ce ban samu ba, na san dokar gidan, na san mutanen da ke bakin ƙofa. Ranar Juma'a da safe, tun daga Dei-Dei har cikin gari, ina zaune a mota ina maimaitawa a zuci: shinkafa na saya, Yallaɓai, da mai. Na ma shirya in yi istigfari daga baya. Na yi ta roƙon Allah ya sa ya manta.

Bayan an sauko daga masallaci ya shigo da baƙi uku, duk manya, shadda tana ƙara. Suka ci, suka yi hirar siyasa. Na zo da buta. Ina jin so ya yi abokansa su san irin mu'amalarsa da talakawa, don da murya sama ya yi maganar.

"Wannan ɗan gida ne, mutumina ne. Kai, ba ka gaya mini ba, me ka saya wa yaran da kuɗin nan?"

Shinkafar tana kan harshena. Wallahi na buɗe baki don in faɗe ta. Abin da ya fito shi ne, "Yallaɓai, ban samu ba."

"Ba ka samu ba kamar yaya?"

"Ba ya zuwa hannunmu, ranka ya daɗe. Mun fi wata shida ba mu ga ko sisi daga katin nan ba."

Alhaji ya dube ni. A wannan ɗan lokaci na yi zaton abubuwa da yawa. Na zaci zai kira Oga a gabana ya tambaye shi. Na zaci zai ce a dawo masa da kuɗinsa, ko ya ce in ba shi lambata. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi 'yar dariya ya ce ai haka ake yi ko'ina, shi ya sa shi ba ya bayarwa. Alhaji ya gyara hularsa, fuskarsa ta nuna na ba shi kunya a gaban mutane.

Ya ce, "To, ni dai na fita. Allah ya ga niyyata, lada kuma ya riga ya shiga. Sauran tsakaninku ne." Ya miƙo hannu. "Zuba mana ruwa, muna sauri."

Na zuba. Ya goge hannu, ya ajiye tawul a tebur, ya ɗauki makulli. A bakin ƙofa Oga ya taso da sauri yana yi musu rakiya kamar yadda ya saba. Ina kwashe kwanuka na ji Alhaji yana dariya yana dafa kafaɗarsa. "Manaja, ashe cinye wa yara kuɗi kuke yi? Ga mutumina can ya kai ƙararku. Ku ji tsoron Allah fa." Suka yi dariya su duka, har da Oga. Cikin raha ya faɗa, kamar yadda yake tsokanata kan tuwo, ya shiga mota ya tafi.

Da baƙin rana suka ragu Oga ya kira ni sito, wurin buhunan shinkafa. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, nawa aka sace maka?"

"Oga, ban ce an sace ba. Tambayata ya yi, na ce ban samu ba."

"Kai ka kawo Alhaji gidan nan? Sanyin da yake sha, kai ke sayen man janareta? Kujerar da yake zama, ta gidanku ce? Duk kuɗin da ya shigo ta ƙofar nan albarkacin gidan nan ya shigo."

"To Oga, me ya sa aka rubuta na ma'aikata ne?"

"Ni ba ma'aikaci ba ne? Madam ba ta aiki?" Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Cire rigar ka ajiye a nan. Mutumin da ba ya iya rufa wa gida asiri ba ya zama a gida."

Na cire, na naɗe ta da kyau na ɗora a kan buhu. Har yau ina jin haushin kaina da na tsaya naɗe ta.

A ƙofar baya Mama ta tare ni da baƙar leda, masa ce a ciki da ɗan nama. Ta ce, "Ka faɗi gaskiya, Malam, sannu. Sai ka kai ta kasuwar Dei-Dei a auna maka gari da ita." Idonta ya yi ja. Na tambaye ta ko an biya kuɗin masar, don kayan gida ne. Ta tura mini ledar a ƙirji ta ce, "Ka ci ko ka zubar. Ka ishe ni."

Wata huɗu na yi ba aiki. Matata ta sayar da keken ɗinkinta. Yanzu ina tsaron shagon wani mai sayar da tayil a kasuwar kayan gini, abin da ake ba ni kaɗan ne amma an faɗe shi tun farko. Muna gaisawa da Mama a waya jefi-jefi. Ta ce katunan suna nan, an ma sake buga sababbi masu ruwan zinariya. Ta ce Alhaji yana nan Laraba da Juma'a a jikin taga, yana turawa kamar da, sabon mai zuba ruwa yana rusunawa yana godiya. Sau ɗaya Alhajin ya tambaya ina ɗan gida, aka ce ya koma ƙauye, ya ce Allah sarki.

Na rasa wanda ya fi ba ni ƙyama a cikin lamarin nan. Gidan da ya ɗauki mutum aiki ya bar wa baƙi ciyar da shi, sannan ya zo ya tsaya tsakanin hannun baƙon da bakin ma'aikacin. Ko mai bayarwar da bai damu ko abin ya isa ba, tunda shi an rubuta masa lada. In na gama zagayawa sai in dawo kaina. Watanni na yi ina goge katin nan da hannuna, ina tsayar da shi inda ido zai gani. Na yi wa mutanen da ban san iyakarsu ba godiya a kan abin da na san ba zai zo ba, godiyata kuwa ita ce ta sa suka sake turawa. A cikinsu akwai ƙananan ma'aikata da suka zo cin abinci sau ɗaya ranar albashi, suka tura ɗari biyu don tausayinmu. Da bakina aka karɓi kuɗinsu.

Sannan akwai ɗaya tsoron. Ban taɓa ganin cikin akawun ɗin nan ba. Ban san ko Oga ne, ko Madam ce, ko su biyun, ko kuwa da gaske farantai da riguna sun cinye. Ban san ko doka ta ba mai gida dama ya yi yadda ya so da irin wannan kuɗi ba. In ta ba shi, to wataƙila na ɓata wa mutum suna a gaban manya a kan abin da yake halal ɗinsa, kuma zan tsaya da shi gaban Allah.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taimake ni da abin da ya sani. Masu ilimin doka, kuɗin da baƙo ya tura da sunan ma'aikata, a dokar ƙasar nan na waye? Akwai ofis a Abuja da mutum irina, marar lauya marar takardar ɗaukar aiki, zai je ya yi tambaya ba a kore shi daga bakin ƙofa ba? Ba don kaina kaɗai ba, Mama tana can har yanzu. Masu aiki a otal da gidajen abinci da wuraren wankin mota, in akwai irin wannan kati a wurinku, yana isowa hannunku? Ko gida ɗaya ne ake raba shi da gaskiya, ina so in ji yadda suke yi. Malamai kuma, godiyar nan da na yi ta yi, ina da kaso a cikin alhakin mutanen da suka tura? In ina da shi, ban san sunayensu ba, ban san gidajensu ba. Ku gaya mini yadda ake fita daga haƙƙin mutanen da ba za ka iya nemo su ba.